Jirgin Ruwan da Ke Tsakar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru ana ta yi mini gorin aure, akwai jirgin ruwa a tsakar gidanmu da ke Dala. Na san wasunku za su ɗauka kuskuren rubutu na yi. Jirgin ruwa nake nufi, na katako, wanda ya cinye kusan rabin tsakar gida, a cikin birnin Kano inda ruwan da ya fi kusa da mu shi ne kududdufin bayan unguwa, wanda ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga.

Jirgin na Baffana ne, yayan mahaifina. Yana saurayi ya tafi Ikko neman kuɗi, ya samu aiki wurin wani Bature mai son yawo a kan ruwa. Jirgin ba shi da inji. Dogayen sanduna biyu ake kafawa a cikinsa, a ɗaura musu manyan ƙyallaye, iska ta riƙa tura shi. A faɗar Baffa, shi ke riƙe sandar tuƙi, kuma sun sha cin tsere a gaban manyan mutane. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa jirgin kyauta, shi kuma ya loda shi a motar da ta kai shanu za ta dawo ba kaya. A daminar shekarar katangar bayan gidanmu ta faɗi, aka shigo da shi ta nan. Aka mai da katanga, maƙwabta suka yi gine-gine suka matse lungu, jirgi ya zama ɗan gida. Baffa ya yi masa rumfar kwano, kaji suka samu wurin yin ƙwai, mu kuma yara muka samu wurin ɓuya in an aike mu.

Kullum bayan la'asar, a dakalin ƙofar gidanmu inda dattawan layin ke zaman majalisa, sai Baffa ya san yadda ya karkato da hira ta biyo ta Ikko. Kullum kuma akwai mai jiransa, wato amininsa tun na ƙuruciya, wani Babarbare mai sayar da huluna. Mu Fulani ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Barebari, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa.

"Kai bawana," in ji Babarbaren, "Bafulatani da teku? Ku da sai kun kama wutsiyar saniya kuke ƙetare rafi? Akurkin kaji aka ba ka ka ɗauko, ka zo kana mana tatsuniya da rana. Maganar ruwa ai sai mu, jikokin masu Tafkin Chadi."

Sai a yi ta dariya, Baffa ma ya yi, ya rama da tasa. Amma abin ya wuce dakali. A unguwarmu, in mutum ya shirga ƙarya, sai ka ji an ce masa, "Kai dai ka hau jirgin Baffa." Har matan aure na faɗa wa 'ya'yansu. Wata rana a gaban Baffa wani mai shago ya faɗa wa abokin cinikinsa haka, bai lura da wanda ke tsaye a bayan mutumin ba. Baffa ya karɓi sukarinsa ya fito, ranar bai zauna a majalisa ba. Dattijo ne mai gudun abin kunya, ko rancen allura ba ya yi, ga sunansa ya zama abin auna ƙarya.

Ana nan sai Allah ya kawo mini matar aure, aka shiga neman inda za a gina mini ɗaki. Duk gidan babu fili sai inda jirgi yake. Mahaifiyata ta kawo shawara cikin ladabi, ta ce akwai mai waina a bakin layi da ke neman busasshen itace. Baffa ya ajiye kofin kununsa.

"Jirgin nan ba zai fita daga gidan nan a matsayin makamashi ba," ya ce. "In zai fita, ruwa zai tafi."

Kafin magariba magana ta kai majalisa. Babarbaren ya buga cinya ya ce ya ji ya gani. A kai jirgin madatsar ruwa ta Tiga, shi zai shiga kwalekwalen masunta, a yi tsere. Wanda aka kayar zai durƙusa a gaban jama'a ya gai da ɗan'uwansa da "ranka ya daɗe, ubangidana". Baffa ya ce ya yarda. Ni kuma na miƙe na ce duk gyaran jirgin a wuyana. Aka yi ta sa mini albarka, ana cewa yaron nan akwai zumunci. Ni kuwa a raina tuni na gama auna inda gado zai zauna.

Na ɗauko abokina kafinta, wanda duk amaryar da aka kai a yankinmu a kan gadonsa take kwana. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi, ya ce bai taɓa ganin katako mai kyan wannan ba, ko gara ta gwada ta haƙura. Matsalar ɗaya ce, allunan sun ja baya da juna, har kana iya hango kazar da ke ciki ta gefe. Baffa ya tuna cewa a Ikko ya ga ana cusa auduga a tsakanin alluna. Abokina ya cusa auduga, ya bi da foti, wato ƙullin da kafintoci ke toshe tsaga da shi, ya goge da samfefa, ya shafa fenti mai ƙyalli har sai da na ga haƙorana a jikin jirgin. Sannan ya tara mu ya kafa doka.

"Ba abin da katako ya tsana a duniya irin ruwa. Duk gadon da kuka ga ya lalace, ku bincika, ruwa ne. Kada ɗigo ɗaya ya taɓa aikin nan sai ranar da za a saka shi."

Muka dubi Baffa. Ya ce shi tuƙi ya sani, kuma duk zamansa a Ikko jirgin a cikin ruwa yake kwana yake tashi, bai taɓa ganin an yi masa jinya a tudu ba. Saboda haka a bi maganar mai sana'a.

To, mun cire rumfar kwano don a samu wurin aiki, ga damina ta kankama. Jama'a, na sha wahala. Da na ga hadari ya haɗo, ko ina kasuwa sai na rufe rumfa na tari adaidaita. Wata rana ruwa ya ɓarke ba shiri, tamfol ɗinmu bai kai ba, na fizge ledar da mahaifiyata ta rufe itacen girkinta da ita na lulluɓe gaban jirgi, sauran wurin kuma na tsaya a kai da lema. Itace ya jiƙe, gida ya turnuƙe da hayaƙi, tuwo bai nuna ba sai bayan isha. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa tana share hawayen hayaƙi, ta gan ni tsamo-tsamo, jirgi kuwa a bushe ƙayau.

"Ni kam in tambaye ka," ta ce, "wai ba jirgin ruwa ba ne?"

Na dube ta cikin tausayi na ce, "Inna, ba za ki gane ba, harkar katako ce."

Ƙyallayen kuma telan unguwa aka bai wa. Baffa ya zana masa yadda suke a ƙasa da tsinke. Mutumin ya ɗinka su daidai da farin yadi mai kauri, amma ransa bai ba shi ya bar yadi haka fayau ba, sai ya bi gefunan da leshi, wai kyauta ce daga gare shi. Tun daga nan jirgi ya samu sabon suna, mai labule.

Ranar fita, 'yan dako muka ɗauko daga kasuwa. Da igiyoyi da salati aka tsallakar da jirgin ta kan katanga, aka karkata shi a gefe don ya shiga lungu, aka lulluɓe shi da farin ƙyallen saboda yayyafi. Ku hango maza sun ɗauko dogon abu a kafaɗa, an rufe da farin yadi, ana tafe ana "a ba da hanya". Duk majalisar da muka wuce sai an miƙe tsaye. Wani tsoho mai sanda ya bi sahunmu har bakin titi, ya ja rigata ya ce, "Allah ya jiƙansa, yaro. Amma wane ne wannan, duk tsawon nan ban san shi a unguwa ba?"

Motar haya guda muka cika da 'yan kallo zuwa Tiga, jirgi na gaba a babbar mota. Masunta suka bar komarsu suka kewaye mu. Aka kafa sanduna, aka ɗaura labule, aka tura jirgi cikin ruwa. Wallahi ya yi kyau. Ni da abokina muka shiga, Baffa ya zauna a baya ya kama sandar tuƙi, ya ce a bari ya ɗan gwada shi kafin tsere. Iska ta cika ƙyalle, jirgi ya zabura.

Sai na ji sanyi a tafin ƙafata.

Na duba ƙasa, na ga ruwa na tsattsafowa ta kowace gaɓa, ta wuraren da ido ma bai taɓa ganin tsaga ba. Abokina ya ce gumin katako ne, zai daina. Kafin ya rufe baki ruwa ya kai idon sawu. Na kama kwasa da butar alwala, shi ya cire hularsa yana kamfata. Kamar ma tsokanar ruwan muke. Baffa ya juya kan jirgi zuwa gaɓa, amma ya yi nauyi, ya ƙi tafiya. A hankali, cikin natsuwa, ba gaggawa, jirgin ya zauna a ƙasan ruwa da mu a ciki. Allah ya taimake mu wurin ba zurfi, ruwan iya ƙirji ne. Abin da ya rage a sama sai kawunanmu uku da sanduna biyu, leshi na kaɗawa.

Dariyar da aka yi a bakin ruwan nan, na tabbata an ji ta a ƙauyukan kusa. Wani har da birgima. Babarbaren ya riƙe ciki yana nuna mu, ya kasa magana. Ni ma da na ga abokina ya mai da jiƙaƙƙiyar hularsa ka, dariyar ta kusa ƙwace mini. Sai na waiwaya na ga Baffa. Yana tsaye cikin ruwa, hannunsa har yanzu a ƙasa yana riƙe da sandar tuƙin da ba a gani, yana kallon mutanen unguwarsa. Ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Babarbaren ma ya hango fuskar, dariyarsa ta yanke. Shi ya shigo ruwa har gwiwa da babbar rigarsa ya kamo hannun Baffa, kuma bai ta da maganar durƙuso ba.

Muka baro jirgin a inda ya nutse. Baffa ya daina fita majalisa. Masallaci ma sai ya riƙa zagayawa ta wani lungun don kada ya bi ta dakali. Aka fara haƙa harsashin ɗakina, amma ko kaɗan ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Bayan kwanaki masunta suka aiko cewa mu zo mu kwashe kayanmu, sandunan na yaga musu koma. Mahaifiyata ta ce ko ba komai a dawo da katakon, mai waina na nan na jira. Za mu tafi ni da abokina sai ga Babarbaren ya shigo mota ba wanda ya gayyace shi. Ya ce zaman majalisa ya gundure shi, duk wanda ya tsokana sai ya ce masa "haka ne, Baba", ba mai ramawa.

Masunta suka taya mu jawo jirgin zuwa inda ruwa bai kai gwiwa ba, muka kwashe ruwan ciki da bokitai don ya yi sauƙin ɗauka. Muka bar shi a nan muka tafi sallar azahar, muka tsaya cin soyayyen kifi, muka ɓata lokaci wajen neman motar da za ta ɗauke shi. Da muka dawo babu jirgi a inda muka bar shi. Yana can gaba kaɗan, yana lilo a kan ruwa abinsa.

Muka kamo shi muka leƙa. Ɗan ruwan da muka bari a ciki shi ne dai, bai ƙaru ba. Fotin da abokina ya sha wahalar shafawa duk ya fito daga tsakanin alluna zara-zara kamar taliya, allunan kuwa sun matse juna, ko farce ba zai shiga ba. Abokina ya shafa, ya sake shafawa, sai ya zauna daɓas a cikin taɓo ya dafe kai.

"Ƙofa," ya ce. "Wayyo ni, ƙofa! Duk damina sai an yi mini sallama an ce ƙofar da na yi ta kumbura ta ƙi rufuwa. Da hannuna nake zuwa in fere ta. Katakon nan shekara da shekaru yana jin ƙishirwa, mu kuma muka tsaya a kansa da lema!"

Ashe nutsewar nan ita ce gyaran da ya rage. Muka shiga mu uku muka yi ta tsalle a ciki, ko ɗigo bai shigo ba.

Sai dai da muka koma gida da albishir, Baffa ya ce ko sunan jirgin kada a sake kira masa. Na yi rantsuwa, abokina ya yi, amma Baffa ya ce mun ga dai bai gama zama abin dariya ba ne. Babarbaren ya ce mu bar shi da shi. Ya tsaya a zaurenmu ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji.

"Ku gaya wa bawana na gode! Jirgi ya tashi, kuma ya zama ganimata. Gobe zan sa a cire sandunan nan marasa amfani in yi shanyar huluna da su, in ɗaura masa injin markaɗe a baya. Dama Bafulatani ina ya iya tuƙi? Ya ga abu zai tafi da gaske, ya nutsar da shi don kada asirinsa ya tonu!"

Ba a daɗe ba sai ga Baffa ya fito, hula a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nasa ɗaya na mahaifina. "Wa zai taɓa mini sanduna?"

Ranar da aka koma tsere mota biyu aka cika, don duk wanda ya rasa dariyar farko ya ce wannan karon da shi. Aka nuna wani busasshen itace da ke tsaye can cikin ruwa, aka ce wanda ya riga kai wa gare shi ya ci. Babarbaren ya shiga kwalekwale, masunta biyu majiya ƙarfi za su tuƙa shi. Tun a nan na lura jikan masu Tafkin Chadi ya ƙanƙame gefen kwalekwale da hannu biyu, leɓensa na motsi. Daga baya ya faɗa mana da bakinsa cewa a Kano aka haife shi, kuma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

Aka ce a tafi. Kwalekwale ya harba. Mu kuwa ko motsi, domin iska ta ɗauke ɗif, labule ya saki jiki. Aka fara ihu daga gaɓa, "A kawo musu mafici!" Na ce, "Baffa, ko mu sa hannu mu tura ruwan?" Bai ko dube ni ba. Idonsa na gabas inda hadari ke haɗuwa, yana kallon wani duhu-duhu da ke tahowa a kan fuskar ruwan.

"Ka riƙe igiyar nan," ya ce. "In na ce ja, ka ja kamar da gaske. Kai kuma kafinta, sunkuya."

Abokina bai sunkuya da wuri ba. Iska ta iso, ƙyalle ya buga kamar an harba bindiga, sandar ƙasansa ta wulwulo ta tafi da hularsa, har yau ba a gan ta ba. Jirgi ya kwanta a gefe guda, na saki salati na ce yau kam zurfin ya fi ƙirji. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba a gidanmu. "Ja! Koma wancan gefen! Saki kaɗan! Ya isa!" Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ga shi ya tokare ƙafa ɗaya, ya jingina da sandar tuƙi, yana karanta iska kamar mai karanta allonsa. Ruwa na tsagewa a gabanmu yana feshin fuskokinmu.

Muka cim ma kwalekwale ana saura kaɗan a kai itacen. Masunta na tuƙi ba ji ba gani, fasinjansu kuwa ya kwanta rub da ciki, ido a rufe. Baffa ya ɗan karkato muka bi ta kusa da su.

"Sannu da hutawa, bawana! In jefo maka igiya?"

Muka wuce su, muka wuce itacen. Ina jin ihun mutanenmu daga nesa. Na ce, "Baffa, ai mun ci, mun wuce itacen."

Ya ce, "Na gani."

Bai juya ba. Ya miƙa cikin ruwan nan, gaɓa na ƙanƙancewa a bayanmu, fuskarsa sharkaf, ban sani ba ko duk feshin ruwa ne. Ni da abokina muka bar shi. Na taso a gabansa, na san shi da carbi da rediyo da ciwon baya, amma sai ranar na ga Baffana a wurin da ya iya, kuma na ji alfahari da shi. Sai da aka fara yayyafi sannan ya juyo da mu.

A bakin ruwa Babarbaren ya cika alkawari. Ya durƙusa a gaban kowa ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana." Sai gwiwa ta ƙi miƙewa. Baffa ne ya ɗago shi, yana cewa bawan da ba ya iya tashi ai asara ce ciyar da shi.

Jirgin a Tiga muka bar shi wurin wani masunci, a cikin ruwa, inda ya kamata a ce yana zaune tun farko. Na samu ɗakina, aka kawo amarya a kan gadon abokina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, daga ranar Baffa bai sake ba da labarin Ikko ba. Majalisa ce ta karɓi aikin, Babarbaren na kan gaba. Kowace shekara iskar na ƙara ƙarfi a bakinsa, tazarar na ƙara tsawo, har aka kai ga cewa wani ƙaton kada ya biyo mu a ruwa, Baffa ya kauce masa da hannu ɗaya. Da ya kawo wurin kadan nan sai Baffa ya katse shi, "Kai bawana, ji tsoron Allah, ƙarya kake, bai kai haka ba."

Har yau in na tuna kaina tsaye da lema a kan jirgin ruwa sai na yi dariya ni kaɗai, matata ta tambaye ni lafiya. Amma dariyar ba ta zuwa ita kaɗai. Da Baffa ya rasu, a zaman makoki, wasu baƙi suka tambayi wane irin mutum ne marigayin. Babarbaren ya gyara zama ya ɗauko labarin tseren tun daga farko, mutane na murmushi a ɓoye. Ya kawo wurin kada, ya faɗe shi da girmansa, sannan ya dakata, ya juya gefen damansa, inda Baffa ya saba zama, yana jira.

Ba wanda ya ce masa ƙarya yake. Ya sunkuyar da kai, bai ƙarasa labarin ba.